Diffa: abin da doka ta tanada ga ɗalibin da aka kama yana sayar da tramol a makaranta

A garin Diffa, kamar a sauran manyan garuruwan Nijar, ƙwayar tramadol da jama'a suka fi sani da tramol ta daɗe da fita daga farmasi. Ta shiga tasha, ta shiga kasuwa, ta shiga fadodin da matasa ke zaman shayi. Matasan da ke waɗannan wurare da maraice, da yawansu su ne ke cikin azuzuwan lise da na jami'a da safe, don haka ba wuya ƙwayar ta bi aljihu ta shiga makaranta. Ɗalibai da dama, har da iyayensu, suna ɗaukar cewa sayar wa aboki ƙwaya biyu ko uku ƙaramin abu ne, tunda dai magani ne da likita ma yake rubutawa. Dokar Nijar kuwa tana lissafa wannan ciniki cikin fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma yin sa a cikin makaranta ko a kusa da ita yana ƙara wa laifin nauyi.

Yadda magani ya koma ƙwaya

Wani kamfanin ƙasar Jamus mai suna Grünenthal ne ya ƙirƙiro tramadol a shekarar 1962, ya fara sayar da shi a 1977. Maganin kashe ciwo ne mai ƙarfi, dangin morfin, ana ba wanda aka yi wa tiyata, wanda ya karye ko mai fama da ciwon daji. Wanda likita ke rubutawa yawanci mai miligiram 50 ne ko 100, kuma ƙa'ida ita ce babban mutum kada ya wuce miligiram 400 a yini guda.

Wanda ke yawo a hannun 'yan talla daban ne. Akwai mai 120, mai 200, mai 225 har da mai 250, galibi daga masana'antun Indiya, yana sauka a tashoshin jiragen ruwa na gaɓar Afirka ta Yamma sannan ya hauro arewa ta mota. Wanda ya haɗiye guda biyu masu 225 ya riga ya zarce ƙa'idar yini. Abin da kan biyo baya shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, suma, da raunin numfashi, musamman idan an haɗa shi da barasa ko da maganin barci kamar diazepam. Wanda ya saba da shi kuma ba ya iya bari cikin sauƙi: ciwon jiki, zufa, rashin barci da ɓacin rai su ne ke mayar da shi wurin mai sayarwa.

A watan Disamba na 2017 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka ta yi gargaɗi cewa tramadol da ake kamawa a shekara a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 a 2013 zuwa sama da tan 3. Ta kuma ambaci wani kamu da aka yi a Nijar a watan Satumba na wannan shekara, inda aka samu ƙwayoyi fiye da miliyan 3 cikin kwalaye masu ɗauke da tambarin Majalisar na jabu. Da Indiya ta tsaurara dokar fitar da tramadol a watan Afrilu na 2018, masu fataucin sun koma kan wasu ƙwayoyin, irin su Tafrodol, haɗin tapentadol da carisoprodol, wanda Indiyar ta haramta yin sa da fitar da shi a watan Fabrairu na 2025.

Dokoki biyu ne ke aiki

Doka ta farko ita ce mai lamba 97-002 ta ranar 10 ga Janairu 1997, wadda ta tsara harkar magunguna a Nijar. Ita ce ta keɓe sayar da magani ga masu ilimin haɗa magunguna da ke da izini, da kuma ɗakunan ajiyar magani da hukuma ta amince da su. Duk wanda ya sayar da magani ba tare da wannan izini ba, ko da maganin kashe ƙwayoyin cuta ne kamar amoxicilline, ya shiga aikin da ba nasa ba kuma ana iya gurfanar da shi. Wannan ya shafi mai tebur a bakin kasuwa, ya shafi mai yawo da faranti a kai, ya kuma shafi ɗalibin da ya mayar da ɗakin kwanansa ƙaramin farmasi.

Doka ta biyu ta fi tsanani. Ita ce mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, da aka kafa a zamanin riƙon ƙwarya na Daouda Malam Wanké, kan yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ta rarraba abubuwan da ake sa wa ido gida huɗu: waɗanda aka haramta gaba ɗaya, waɗanda ke da amfani a asibiti amma haɗarinsu babba ne, waɗanda haɗarinsu bai kai haka ba, sai sinadaran da ake haɗa ƙwayoyi da su. Girman hukunci yana bin gidan da abin ya faɗa. Ana iya yanke wa mai laifi ɗaurin shekaru, a ci shi tara, a kuma ƙwace kayan da kuɗin da aka samu da su.

Tramadol ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin duniya suka sa wa takunkumi, shi ya sa kowace ƙasa ke yanke nata hukunci a kansa. Nijar ta yanke nata tun 2013, lokacin da ta sanya shi cikin jerin miyagun ƙwayoyi. Daga wannan lokaci wanda aka kama yana cinikinsa ba bisa ƙa'ida ba, dokar 1999 ce ke hawa kansa, kamar yadda take hawa kan mai sayar da tabar wiwi. Diazepam da clonazepam, wanda aka fi sani da Rivotril, suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta 1971, kodin kuma yana ƙarƙashin ta 1961. Dukansu magunguna ne halal a hannun mara lafiyar da ke riƙe da ordonansin likita. Idan suka bar hannunsa suka shiga na wani, maganar ta canza.

Me doka ke kira sayarwa?

A nan ne ɗalibai da yawa ke yaudarar kansu. Dokar Nijar ta bi sahun yarjejeniyar Vienna ta 1988, wadda ƙasar ta amince da ita. Yarjejeniyar ba ta tsaya ga miƙa kaya da karɓar kuɗi ba. Ta haɗa da tayi, rarrabawa, dillanci, aikawa, ɗaukar kaya daga wani wuri zuwa wani, da miƙa shi ga wani ta kowace fuska.

Ma'ana, ɗalibin da aka yi wa tiyata, likita ya rubuta masa tramadol, ya warke ya bar ragowa, sannan ya ba abokinsa kyauta lokacin jarrabawa, ya miƙa ƙwaya ga wanda ba a rubuta wa ba. Ordonansin da ke hannunsa yana kare shi ne a kan abin da ya sha da kansa kawai. Wanda ya ajiye wa abokin ɗakinsa jaka alhali ya san abin da ke ciki, ana iya tuhumarsa da ajiyar ƙwaya. Wanda ya haɗa mai saye da mai sayarwa ta WhatsApp, ko da bai taɓa kayan da hannunsa ba, ya yi dillanci. Wanda ya karɓo saƙo daga tasha ya kai ɗakin wani, ya yi jigila. A dokar hukunta laifuka ta Nijar, wanda ya taimaka aka aikata laifi da saninsa yana fuskantar irin hukuncin wanda ya aikata. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, in ji masu iya magana, kuma a nan doka ta yarda da su.

Akwai kuma laifin ordonansin jabu. Kwaikwayon hatimin likita, sauya adadin da aka rubuta, ko yawo da takarda ɗaya daga farmasi zuwa farmasi, duk laifuka ne masu zaman kansu. Likita ko ma'aikacin farmasi da ya ba da haɗin kai da gangan shi ma bai tsira ba. Ɗaliban makarantun kiwon lafiya da ke zuwa koyon aiki a asibitoci su ne suka fi kusa da wannan rami, domin magani da takardun rubuta shi suna wucewa ta hannunsu.

Idan wanda aka sayar wa ya sha ya mutu, ko ya samu naƙasa, ana iya ƙara wa mai sayarwa tuhumar kisa ko jikkatawa ba da gangan ba, iyalan mamacin kuma suna da damar neman diyya a gaban kotu.

Makaranta tana ƙara wa laifin nauyi

Sashe na 3 na yarjejeniyar 1988 ya jera abubuwan da ya kamata alƙali ya ɗauka a matsayin masu tsananta laifi. Cikinsu akwai aikata shi a cikin makaranta ko a kusa da ita, ko a wuraren da 'yan makaranta da ɗalibai ke taruwa don karatu, wasanni ko nishaɗi. Akwai amfani da yara ƙanana ko cutar da su, akwai kuma kasancewar mutum an taɓa hukunta shi a baya. Dokar 1999 ta ɗauki wannan hanya. Kati ɗaya da aka sayar a ƙofar lise ya fi wanda aka sayar a tasha nauyi a gaban alƙali, idan kuma mai sayen bai kai shekara 18 ba, nauyin ya ƙaru.

Wasu ƙasashe ma haka suke yi. A Faransa, wanda ya ba wani ƙwaya don ya sha yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar yuro 75,000, amma idan a cikin makaranta ne ko ga yaro ƙarami, ɗaurin na iya kaiwa shekara 10. A Amurka dokar tarayya tana ninka hukuncin wanda ya rarraba ƙwaya cikin tazarar ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, daga makaranta ko jami'a.

Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014 tare da na Agadez, Dosso da Tillabéri, tana ƙarƙashin dokokin da suka shafi kowace jami'ar ƙasar. Ɗaliban Nijar suna alfahari da abin da ake kira 'yancin harabar jami'a, wanda ke hana jami'an tsaro kutsawa cikinta yadda suka ga dama. An yi shi ne don kare karatu, bincike da faɗin albarkacin baki. Bai mayar da harabar wurin da dokar hukunta laifuka ba ta aiki ba. Shugaban jami'a na iya kiran jami'an tsaro, alƙali na iya ba da umarnin bincike, kuma ɗalibin da ake nema ana iya kama shi da zarar ya fito ƙofa.

Daga kamu zuwa kotu

Hukumar da aka ɗora wa wannan aiki ita ce OCRTIS, ofishin 'yan sanda na musamman mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, mai cibiya a Yamai da rassa a jahohi. Jandarmomi, jami'an duwan da sauran jami'an tsaro su ma suna kamu a kan hanya da bakin iyaka.

Wanda aka kama ana tsare shi don bincike. A ƙa'idar gama-gari wa'adin sa'o'i 48 ne, ana iya sabunta shi da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. A wannan lokaci ake ƙirga ƙwayoyin, a rubuta bayaninsa, a duba wayarsa. Saƙonnin ciniki, hotunan kaya da rasit na aika kuɗi su ne sukan nuna ko mai sha ne ko mai sayarwa. Yawan abin da aka samu, yadda aka ƙulla shi ƙulli-ƙulli, da tarin ƙananan kuɗi a aljihu, sefa ko naira, duk suna shiga lissafi. Wanda ake tsare da shi yana da haƙƙin ganin lauya tun daga matakin bincike, kuma bai kamata ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ya fahimta ba.

Daga nan sai a kai shi gaban mai shigar da ƙara na babbar kotun Diffa. Idan an kama shi dumu-dumu kuma maganar ba ta da rassa, ana iya yi masa shari'a cikin gaggawa. Idan akwai alamar gungu ne, ana miƙa fayil ɗin ga alƙalin bincike, wanda aikinsa kan ɗauki watanni. A kowane hali ana iya tura wanda ake tuhuma gidan kaso ya jira ranar shari'a. Ga ɗalibi, wannan zaman jira kaɗai ya isa ya cinye masa shekarar karatu, ko da daga baya kotu ta sallame shi.

Yaron da bai kai shekara 18 ba yana zuwa ne gaban alƙalin yara, bisa dokar 2014 da ta tsara kotunan ƙananan yara, kuma hukuncinsa ya fi sauƙi, an fi karkata ga gyaran hali. Mafi yawan ɗaliban jami'a sun wuce wannan shekaru, don haka ana yi musu shari'a kamar kowane baligi. Iyalan da ba su da halin ɗaukar lauya suna iya neman taimakon hukumar ANAJJ, da aka kafa a 2011 don ba marasa ƙarfi tallafin shari'a, wadda ke da ofisoshi a manyan kotuna.

Abin da ya bambanta Diffa

Jahar Diffa tana iyaka da jihohin Borno da Yobe na Najeriya, a wani yanki kogin Komadugu ne kawai ya raba su, kuma tun kaka da kakanni mutane da kaya suke tsallakawa: tattasai da kifi su tafi, kayan masarufi su zo. Ƙwaya ma ta nan take bi. Wanda ya sayo tramol a tsallake ya shigo da shi, ko da cikin jakar littattafai ne, ya yi shigo da ƙwaya daga waje, laifin da ke cikin mafiya nauyi a dokar 1999.

Sai kuma halin tsaro. Tun bayan hare-haren ranar 6 ga Fabrairu 2015 a Bosso da Diffa aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar, wadda ta faɗaɗa ikon jami'an tsaro na bincike a gidaje da kan hanya. Tramadol kuma yana cikin kayan da mayaƙan Boko Haram ke nema. A watan Agusta na 2017 jami'an Kamaru sun kama ƙwayoyi sama da 600,000 da aka ce na ƙungiyar ne. Saboda haka wanda aka tare da kwali a hanyar bakin kogi ko ta tafkin Chadi, tambayar farko da zai sha ita ce wa zai kai wa. Idan zargi ya karkata ga taimaka wa 'yan ta'adda, fayil ɗin na iya barin Diffa ya koma kotu ta musamman mai kula da ta'addanci da manyan laifukan ƙetare iyaka da ke Yamai, sama da kilomita 1,300 daga gida. Ɗalibin da ya karɓi ɗan aike don samun kuɗin sabulu yana iya tsintar kansa cikin shari'ar da ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Ɗaliban jahar da ke karatu a Maiduguri, Damaturu ko Kano su ma ba su fita daga haɗari ba. Najeriya tana da hukumar NDLEA tun 1989, ta amince ne da tramadol mai miligiram 50 da 100 kawai, kuma a ranar 1 ga Mayu 2018 ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin. Binciken da aka yi a ƙasar a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magungunan kashe ciwo ba bisa ƙa'ida ba. Baƙon da aka kama a can, a can za a yi masa shari'a. A Masar, a watan Disamba na 2017, an ɗaure wata 'yar Ingila shekara 3 saboda ƙwayoyin tramadol 290 da aka samu a jakarta, duk da ta ce maganin ciwon baya ne ta kawo wa wani.

Hukuncin da ke biyo bayan fitowa

Makaranta tana da nata kwamitin ladabtarwa, wanda ba sai ya jira kotu ba. Yana iya ba da gargaɗi, ya dakatar da ɗalibi na wani lokaci, ko ya kore shi gaba ɗaya. Wanda aka kora ya rasa ɗaki, ya rasa kuɗin tallafin karatu da hukumar ANAB ke biya, tunda sharaɗinsa shi ne mutum yana cikin karatu.

Abin da ya fi daɗewa shi ne takardar kotu da ake kira casier judiciaire. Duk wanda ya taɓa neman shiga gasar ɗaukar ma'aikata a Nijar ya san ana neman ta, kuma sai wadda ba ta wuce wata 3 ba. Aikin gwamnati, 'yan sanda, jandarma, duwan, jami'an gandun daji, duk sai da ita. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jahar Diffa da ofisoshin jakadanci masu ba da biza su ma sukan nema. Hukuncin ɗauri yana fitowa a kanta. Ɗalibin sashen noma ko na muhalli da ya yi shekaru yana burin zama jami'in gandun daji, ko ya kammala digirinsa bayan fitowa, ƙofar gasar na iya kasancewa a rufe gare shi. Doka ta ba da hanyar neman a wanke suna, amma sai bayan shekaru da cika sharuɗɗa. Wanda aka sake kamawa kuwa, ana lissafa masa na baya.

Mai sha da mai sayarwa

Doka ta bambanta su. Shan ƙwaya ba da izinin likita ba laifi ne, sai dai hukuncinsa bai kai na fatauci ba, kuma alƙali na iya tura mai sha neman magani. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin biyun gajera ce. Wanda jikinsa ya saba da tramol yana buƙatar kuɗi kullum, hanya mafi kusa kuma ita ce ya sayi kati ya sha rabi ya sayar da rabi. Ranar da ya yi haka ya tashi daga mara lafiya ya koma dillali a idon doka.

Don haka iyayen da suka lura ɗansu ya kamu, gara su kai shi asibiti tun kafin jami'an tsaro su kai shi kotu. Likita yana da sirrin aiki, kuma barin tramadol a hankali ƙarƙashin kulawarsa ya fi tsayar da shi rana ɗaya, wanda kan jawo wahalar da ke mayar da mutum baya. Mara lafiyar da aka rubuta wa maganin ya sayo shi a farmasi mai izini, ya ajiye ordonansinsa tare da kwalin, musamman idan zai yi tafiya a hanyar Maine Soroa, N'guigmi ko Damagaram inda shingayen bincike suke da yawa. Abin da ya rage bayan an warke a mayar da shi farmasi. Ɗalibin da aka roƙa ya ajiye ƙulli ko ya kai saƙon da bai san cikinsa ba, yana da damar ya ce a buɗe a gabansa, in an ƙi ya bar shi a hannun mai shi.